Abin da Mordecai Ya Ji a Hanwa

Duk wanda ya yi biki ko zaman makoki a Samaru ya san Mordecai mai lasifika. Shi ke haɗa na'urar cocinsu tun yana saurayi, daga baya ya sayi tasa yana bayarwa haya. Kunne gare shi: in wani ya yi tari a bencin baya, ba sai ya waiga ba zai faɗi ko wane ne. Baki ma gare shi. A teburin mai shayi shi ne kan ce zaɓe wasan yara ne, akwai waɗansu manya da ke kulle ƙofa su gama raba ƙasa kafin talaka ya dangwala yatsa. In aka ce ya faɗi sunayensu, sai ya ce ai da an san su da ba su kai haka ba. A yi dariya, har da shi.

Bara, gab da zaɓen fid da gwani, aka kira shi aiki a wani gidan saukar baƙi a Hanwa. Taron masana ne, in ji manajan gidan. Ya jera makirufo a dogon tebur tun baƙin ba su iso ba, aka ce ya jira a ɗakin ajiya, kada ya fito sai an neme shi. A can ya ajiye ƙaramar lasifikar da yake gwada sauti da ita, kuma kamar yadda ya saba a coci, bai cire wayarta ba, don in na'ura ta fara ƙara ya ji da wuri.

Bai ga fuskar kowa ba. Turanci ya fi yawa, ana dariya, cokali na bugun kofi. Sai wata murya mai sanyi, mai jan numfashi kafin kowace magana, ta ambaci sunan wani ɗan takara, ta ce da Hausa, "Wannan ya janye. Za a gaya masa." Mordecai ya zare wayar.

Ba a jima ba rediyo ya ce mutumin ya janye saboda rashin lafiya.

Matarsa Lucia kaɗai ya gaya wa. Ta ce masu boko kullum cikin hasashe suke, wani ya dace wani ya faɗi, kuma an daɗe ana cewa mutumin na fama da ciwon suga. Amma ita ce ta fara sa wa ƙofa sakata tun la'asar, ta hana 'yarsu Elizabeth tsayawa hira in an tashi lacca.

Yana kasuwar Sabon Gari yana sayen wayar lasifika sai wata baƙuwar lamba ta kira shi. Tun daga jan numfashin ya gane mai kiran. Mutumin ya yaba aikinsa, ya ce akwai wani zaman ranar Asabar.

"Sai dai ɗakin ajiyar nan akwai zafi, Malam Mordecai. Wannan karon ka zauna ciki tare da mu."

Ya ce to, ranka ya daɗe, don bakinsa bai samo wata kalmar ba.

Da ya gaya wa Lucia, ta ce ya ce musu ba shi da lafiya, ko na'urar ta ƙone.

"Baban Elizabeth, wanda ya ji yana iya cewa bai ji ba. Wanda ya gani fa?"

"Wanda ya ƙi zuwa fa? Me za su ce ya hana shi?"

Ranar Asabar ta taya shi ɗora kaya a keke Napep, ta tsaya bakin ƙofa har ya sha kwana.

Kafin magariba ya dawo, lafiya lau, har da ledar abinci da aka ba shi. Ta yi ta tambaya, ya ce ba wanda ya ɗaga masa murya. Dattawa ne masu fara'a, sun ba shi kujera, sun gode masa. Da zai fito mai muryar ya rako shi har bakin ƙofa, ya tambaye shi ya jarrabawar Elizabeth.

Lucia ta ce, "Kai ka gaya masa kana da 'ya?"

Mordecai ya girgiza kai.

Har yau sukan kira shi, kuma yakan je.