Kaset ɗin Kawu Sale

"Kai mai karatu, mi Baturen nan ke cewa?"

Kawu Sale ne ya tambaye ni jiya da la'asar, a ƙofar ɗakin da yake haya a Ƙanƙara, muna sauraren kaset ɗinsa. Damina uku ke nan da 'yan bindiga suka raba shi da gonarsa ta Pauwa. Da rediyo kawai ya tsira, sai kaset ɗaya na kiɗan kaboyin Amurka mai jita, wanda ya saya tun yana saurayi.

Na ce, "Cewa yake zai koma gida, gonarsu na jiransa."

Kawu ya gyaɗa kai. "Na ji a jikina manomi ne ɗan'uwana. Ya koma kuwa?"

Da shiru na yi da ya fi. Amma ni sarkin sani, na haddace tarihin ƙungiyoyin mawaƙan nan kaf a waya, har wanda ya kafa da wanda ya yi fushi ya fice.

Na ce, "Wace gona, Kawu? Shi da abokan kiɗansa yaran birni ne, a Kalifoniya suka haɗu. Ba wanda ya taɓa riƙe fartanya. Hular kaboyin ma ta ɗaukar hoto ce."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ashe ni kaɗai ne."

Ya cire batiran rediyon ya zuba a tocila.

Wallahi na tsani bakin nan nawa. Gonar ba zan iya maido masa ba, ɗan abin da ya rage kuma na ƙwace. Ku da kuka fi ni hankali, in na koma gobe, mi zan ce masa?