Bayan Adda

A zamanin mulkin Shugaba Ahidjo, can bayan kasuwar Roumdé Adjia a Garoua, akwai wani gida da gwamnati ta tara mu, guragu da makafi. Ni gurguwa ce tun ina ƙarama. Da babana ya rasu, abokan sana'arsa mahauta ne suka yi ta kai da kawo har aka ba ni ɗaki a can.

Al'adar gidan ita ce a haɗa makauniya da gurguwa a ɗaki ɗaya, wannan ta zama ido, waccan ta zama ƙafa. Ni aka haɗa ni da wata doguwar makauniya 'yar Yagoua, ina kiranta Adda, wato yaya da Fillanci. Hausarta ba ta nuna ba, ni kuma Fillancina na ciniki ne, amma hakan bai hana mu faɗa ba. Ita shinkafa, ni tuwon dawa, kullum a kan wannan muke.

In za mu kasuwa sai ta tsuguna in hau bayanta, ta ɗaure ni da zane tamau. A hayaniyar kasuwa murya ba ta da amfani, don haka da haɓa nake tuƙa ta. In na ɗora haɓata a kafaɗarta ta dama sai ta yi dama, in na ɗora a ta hagu ta yi hagu. Mahauta su yi ta tsokana, "Ga mota da direbanta!" Ni kuwa in ce, "Ku dai ku yanka da kyau, direban na kallonku." Sai su ƙara mana tsoka.

Wata shekara aka gina sababbin ɗakuna na siminti. Wata madam daga ofishin taimakon jama'a ta kawo kekunan guragu, irin da ake juyawa da hannu. Ta ce daga yanzu makafi su koma gabas, inda aka ja musu igiya a bango, guragu kuma yamma. Da alheri ta zo, ban musa ba. Amma kowa na tafa mata, ni idona na kan Adda, ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta.

"Shi ke nan, kin samu ƙafa," in ji ta. "Ni wa zai ba ni ido?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ja jiki har gaban madam na ce, "Madam, a bar mini keke, a bar mini Adda. In ɗaya za a ɗauke, ga kekenku nan." Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce mu zauna tare na ɗan lokaci a gani. Ɗan lokacin nan bai taɓa ƙarewa ba.

Ashe keke ma bai raba mu ba, don yashin Garoua ya fi ƙarfin hannuna, dole Adda ta riƙa tura ni. Fitarmu ta farko ta zuba ni cikin faifan mai goro, muka sha zagi. Tun daga ranar ta bar riƙe ƙarfen keken. Sai ta dafa kafaɗuna biyu tana turawa, ni kuma in kwantar da haɓata a kan hannun da nake so ta bi. Haka muka yi shekaru, muna tafe muna faɗan shinkafa.

Da ciwo ya kama ta, danginta suka zo suka mayar da ita Yagoua, can Allah Ya yi mata rasuwa. Ina kewarta har yau. Yanzu an yi kwalta, ni kaɗai nake tuƙa kaina, har shinkafar ma na koyi ci. Amma duk sanda na zo shan kwana, haɓata ce ke fara juyawa, ta sauka a kafaɗata, ta tarar ba hannu.