Zanar Maman Afi

Cikin shekarun da na yi ina kafa wa mutane rumfa a Gaya, akwai ranar da har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci: Asabar ɗin bikin sarkawa, shekarar da aka kawo mana sabon jeran, wato manaja. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya ya kamata ku ji ta.

Tsarin gidanmu na hayar rumfa a lokacin haka yake: akwai mai gida, sai jeran mai karɓar aiki yana rabawa, sannan ni, shef na masu kafa rumfar tamfol, da mutum huɗu a hannuna. Ƙa'ida ita ce shef ya je ya duba wuri tun jajibiri, ya auna, ya tambayi mai wurin abin da ake taɓawa da wanda ba a taɓawa. Sabon jeran ɗin, Abdu Razak, daga Yamai ya zo da takardunsa. Ya ce wannan ɓarnar mai ce, waya ta isa.

Aikin ranar na Maman Afi ne, wata 'yar Benin mai maki a hanyar da ke gangarawa kogi. Maki wurin cin gasasshen kifi ne, ana kuma sayar da giya. Direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, masu jiran ƙetare gada su ne mutanenta, da wasu 'yan gari da ba ni zan faɗi sunansu ba, masu ajiye moto, wato babur, a gaban mai walda su ƙarasa a ƙafa. Zana ce doguwa ta kewaye wurin, ta wuce kan mutum. Matar ta daɗe a unguwar: ana kiran salla za ta kashe kiɗa, ranar Juma'a ba ta buɗewa sai an sauko. Maƙwabta kuma ba su taɓa ganin komai ba.

Da safe jeran ya tura ni Yelu da rumfar ɗaurin aure. Na dawo bayan azahar na tarar shi da kansa ya je makin da mutanena biyu. Tamfol ɗin da ya ɗauka ya fi filin girma. Maimakon ya koma ya canzo, sai ya sa aka kwance zanar gefen hanya, aka shimfiɗo rumfa har bakin titi. Maman Afi ta ƙetare gada zuwa Malanbil sayen ƙanƙara, ba wanda zai hana shi.

Ina isa na ga tebura a fili, kwalabe a kai, ba kowa a kujera. Duk sun tsere bayan madafa. Wani babban mutum da na sani ya duƙa yana hura wutar da ba tasa ba.

"Shef, ka ga yadda wuri ya buɗe?" in ji Abdu Razak. "Ranar biki ce, a bari a ga kasuwa."

Na ce, "Wa ya gaya maka kasuwar nan tana son a gan ta?"

Sai ga Maman Afi. Ta sauke kwanon ƙanƙara, ta dubi titi, ta dube ni. "Baba Sale, kun kashe ni," abin da ta ce ke nan.

Ta yi gaskiya. Mun riga mun fara jin ganguna. A ranar bikin, Sarkin Ruwa yakan bi ta wannan hanya da dattawan unguwa zuwa wurin tseren jirage, cikinsu har da mai filin da ta zauna a kai. In suka ga kwalba a bainar jama'a da idonsu, dole su yi magana. In kuwa suka yi magana, ta tashi ke nan.

Na ce a maida zana. Nan na ga sauran ta'asar: ginshiƙan zanar guda uku da suka ƙi fita, sara su aka yi. Wallahi na ji kamar in ajiye aikin in tafi gida. Shi kuwa jeran yana tsaye yana min bayanin iska da haske.

Sai gangunan suka tsaya a kwana. Wani dattijo cikin sarkawa ya taho shi kaɗai, idonsa a ƙasa, ya ce, "Sarkin Ruwa ƙafarsa ta motsa, zai ɗan huta. Ya ce a tambaye ka, ciwon zai kai yaushe?"

Na ce, "Baba, rabin awa."

Muka sauke rabin rumfar, muka cire ƙarafanta muka kafa a madadin ginshiƙai. Na miƙa wa jeran igiya na ce ya riƙe, kada ya sake buɗe baki. Ya riƙe. Jama'ar gari guda suna tsaye cikin rana, masu tsere suna jira a bakin ruwa, duk saboda mutum ɗaya ya ƙi tambaya. Da muka ɗaure zana ta ƙarshe, kiɗa ya tashi. Suka wuce, ba wanda ya waiwayo, Sarkin Ruwa kuwa yana tafiya garau.

Maman Afi tana nan har yau, amma ba ta sake kiran gidanmu ba, kuma ban ga laifinta ba. Abin da na koya shi ne, mu ba inuwa kaɗai muke kafawa ba. A garin da masallaci da maki ke hanya ɗaya, mutane da kansu suka shirya abin da za su gani da wanda za su kau da kai, kuma ba mai rumfa ne zai warware musu ba.

Washegari na je gaida Sarkin Ruwa, na yi masa godiyar jiran da ya yi har muka maida zana. Yana gyaran taru, bai ko ɗago ba.

Ya ce, "Wace zana? Ni ban san da wani maki a hanyar nan ba."