Fistin Huɗu daga Kasuwa Huɗu

Ina tankaɗen gari ƙanin maigidana ya yi sallama, ya tsaya a bakin ƙofa bai zauna ba. Ya ce Malam ya rasu a kasuwar Mai'adua. Na yi salati, na ajiye rariya. Maƙwabciyata da ta shigo aron taɓarya ita ta fara magana.

"A mota ne? Dama na ce gudun nan ba zai kai mu ko'ina ba."

Dukkanmu muka juya muka dubi motar. Tana nan gindin darbejiya a kan duwatsu, ba taya, ba inji, kaza na kwanci a kujerar direba. A kan tabarma Malam ya cika, a rumfar dillalai, bayan ya sayar da ragunansa ya ce kansa na juyawa. Amma duk wanda ya zo gaisuwa sai ya tambaya ko mota ce, don a unguwarmu babu wanda bai sha labarin gudun da za ta yi ba.

Taubashinsa ne ya jawo. Wata rana a hanyar dawowa Daura ya wuce Malam da motarsa cike da awaki, har da danna masa oda. Malam ya ce odar bai dame shi ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne wata akuya da ta leƙo ta taga ta dube shi har suka ɓace. Da yamma taubashin ya zo har zaure.

"Bawana, na gan ka a hanya. Tsayawa ka yi ko tafiya kake?"

"Lallaɓa ta nake, ɗan nema. Ka jira in buɗe mata ciki."

Washegari bakanike ya sauke injin.

Ni iyakata firamare, amma ba a gama damina ba na san injinmu lita ɗaya da ɗigo shida ne. A kan tuwo Malam yake koya mini. Ya ɗauki gwangwanin madara ya ce wannan fistin ne, kofin silba kuma ramin da yake hawa da sauka a ciki. In ramin ya faɗaɗa, mota ta shaƙi iska da mai da yawa, ta yi ƙarfi. Na ce ashe ita ma ciki ne. Ya ce in daina raina ilimi, in ƙaro miya.

Sayen fistin da kansa ya yi, kuma yadda yake sayen rago haka ya saya. Bai yarda ya kwashi huɗu a hannun mutum ɗaya ba, wai haka ake cusa wa mutum maras lafiya a cikin garke. Ya ɗauki ɗaya a Katsina, ɗaya a Kano, ɗaya a Mai'adua, na huɗun wani direba ya kawo masa daga tsallaken iyaka. Kowane sai ya jinjina shi a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa, ya zaɓi mafi ƙiba. A ƙarƙashin gadona ya jera su cikin tsohon zanina.

Ranar da bakanike ya zo aunawa ina jin su daga ɗaki.

"Malam, waɗannan ai ba su san juna ba. Wannan ma na injin ban-ruwa ne."

"To ba ƙarfi gare shi ba?"

"Yana da ƙarfi, a fadama."

Malam bai ci abincin rana ba. Daga baya ya sayo masu kai ɗaya, amma kashi biyu, matsakaita da manya. Aka kai gangar injin Kano wurin mai na'urar faɗaɗa rami, ya ce a faɗa masa girman da za a yanka, don in an yanke ba a mayarwa. A nan magana ta tsaya. Bakanike ya ce a tsaya a ɗaya da ɗigo takwas, in aka kai lita biyu bangon ramin zai yi siriri, mota ta tafasa kafin ta kai Sandamu, nan kusa da mu. Malam yakan yarda da asuba. In ya haɗu da taubashinsa a masallaci, ya dawo yana cewa lita biyu ko a fasa. Na taɓa cewa ya bi ta bakanike. Ya ce ni ba a gabana akuyar ta dube shi ba.

Safiyar ranar da ya rasu yana ɗaura agogo ya ce mini ya yanke shawara, kuma wannan karon ba canji. Na ce wanne. Ya ce in ya faɗa mini yanzu zan fara kawo hujja, in bari ya dawo.

Ina cikin takaba bakanike ya zo, ya yi gaisuwa daga bayan labule, ya daɗe yana gyaran murya. Ya ce mutumin Kano yana ta waya, gangar ta tare masa wuri. Ya ce duk gidan nan ni kaɗai na san karatun, in zaɓa. Taubashin yana zaune a gefensa, tun rasuwar kullum sai ya zo.

"Uwargida, ki ce lita biyu," in ji shi. "In ta tafasa ni zan jawo ta. In ba ta tafasa ba, in fito hanya ta wuce ni, a gaban kowa."

"Da awakin?" na ce.

"Da awakin."

Ya yi dariya kaɗan, sai na ji ya tashi ya fita zaure.

Na san hujjar kowane ɓangare, zan iya kawo ta da gwangwani da kofi. Abin da ban sani ba shi ne wanda Malam ya zaɓa, kuma yankan sau ɗaya ake yi. Na ce wa bakanike ya roƙi mutumin ya ƙara haƙuri. Na fita takaba, ya sake zuwa, na sake faɗa masa haka.

Gangar injin tana Kano har yanzu, ba a yanka ramukan ba.