Ranar da Na Kira Sunan Amatullahi

Ranar Asabar, kwana uku bayan ƙaramar Sallah, muka kwana muka tashi a sansanin Wikki da ke Yankari: ni, da maigidana Kabir, da 'ya'yanmu uku. Babbarsu, 'yar farina, shekararta ashirin da uku, tana aiki a wani kantin magani a Gwarinpa. Da sikila aka haife ta.

Ƙarfe shida ta riga kowa idar da sallah, ta sha magungunanta, ta cika gorunan ruwa huɗu. Ita ta tsara tafiyar tun daga Abuja. Ta nemi izinin likitanta, ta rubuta sunayen asibitocin da ke kan hanya, sannan ta ce wa mahaifinta ta gaji da kallon giwa a waya.

Ƙarfe bakwai muna karyawa a bakin ɗaki, gwaggon biri ya sure burodin Nabilah, autarmu. Nabilah ta fashe da kuka, yayarta kuwa ta ce ai shi ma barka da Sallah ya zo karɓa.

Ƙarfe takwas muka hau buɗaɗɗiyar mota. Mai yi mana jagora, Silas, dattijo ne da ya shekara ashirin a dajin. Duk dabbar da ya nuna, sai ta tambaye shi sunanta na Hausa ta rubuta: gwanki, mazo, gwambaza, mugun dawa. Da ya ga burtu ya faɗi sunansa da Turanci, ta ce masa, “Oga Silas, wannan da kakata ke ba ni tatsuniyarsa za ka mayar mini Bature?”

Ni 'yar Zariya ce, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Na yi digiri biyu a lissafi, amma ban taɓa karya wannan alkunyar ba. “Ke” nake ce mata, ko “yarinyar nan”. Ko a asibiti, in ma'aikaciyar jinya ta tambayi suna, kati nake miƙawa.

Ƙarfe goma da kwata, kusa da kogin Gaji, kowa na kallon ɓauna ta hannun dama. Ni kaɗai na waiwaya hagu, na ga giwaye biyar suna kutsawa cikin kurmi, saura kaɗan su ɓace. Tana can gaban motar, hannuna ba zai kai gare ta ba. Sai kawai na ji bakina ya ce, “Amatullahi!”

Ta juyo, amma ni ta tsura wa ido. Kafin in nuna mata, giwayen sun shige, wutsiyar ta ƙarshe kawai ta gani. Ta yi ta dariya har da hawaye.

“Umma, ashe kin san sunan?” in ji ta. “Kin ja mini asarar giwa biyar.”

Ƙarfe biyu, bayan azahar, ta zauna a bakin maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki ta tsoma ƙafafunta, ƙaninta Nazeer na iyo. Ƙarfe biyar muka dafa taliya a risho, ta kore birai biyu da ludayi.

Washegari a hanyar dawowa, bayan mun wuce Jos, ciwon ya tashi a ƙirjinta. Ta yi kwana huɗu a asibiti a Abuja. Ranar Alhamis da hantsi Allah ya karɓi abarsa.

A zaman makoki, yayan maigidana, Yaya Nababa, ya faɗa wa maza a waje cewa ba a kai mai sikila daji, son zuciya ne irin na 'yan boko. Maganar ta shigo cikin gida a bakin mata. Ana sa ran in sunkuyar da kai, domin uwa ba ta tanka magana a kan 'yar fari. Da ya shigo yi mini gaisuwa, na amsa masa yadda ya kamata, sannan na ce:

“Yaya, Amatullahi ta kwanta asibiti sau talatin da ɗaya, kuma sau talatin daga kan gadonta na Gwarinpa aka ɗauke ta. Kwananta ne ya ƙare. Da za a maimaita, zan sake kai ta.”

Wata gwaggo ta ce a yi mini uzuri, zafin rashi ne. Na ce mata da hankalina nake magana, kuma daga yau da sunanta zan riƙa ambatonta.

Bayan arba'in muka raba kayanta. Tufafin sun tafi wurin 'yan'uwa a Masaka. Ragowar magunguna da jakar ruwan zafin da take gasa ƙafa da ita na kai wa wata mai sikila a Durumi. Nazeer ya ɗauki madubin hangen nesan da ta tafi da shi daji. An so a haɗa takalmin da ta saya don tafiyar cikin kayan sadaka, na hana. Lambar ƙafarmu ɗaya. Da shi zan koma Yankari da yaran a hutun Sallah mai zuwa, Kabir ya riga ya kira Silas ya kama mana ɗaki.