Ranar da Gwaggo ta wanke parabol

Aikina a Tamanrasat, shekarun da kowane rufin gida ya fara tsirar da faranti, shi ne kafa parabol. Karatuna na lekkol bai yi nisa ba. A shagon wani Balarabe mai gyaran tele na koyi aikin bi da bi, kuma ban taɓa yarda a tsallake mataki ba.

Abin ba wuya in an bi tsari. Saƙo yana saukowa daga tauraron ɗan Adam a raunane. Farantin ya tare shi, ya tattara shi wuri guda, daidai inda aka ɗaure wani ɗan ƙarfe mai hular roba da muke kira kai. Saƙon yana kaɗawa da saurin da waya ba ta iya ɗauka, don haka kan yana yin tasa kaɗawar. Maigidana ya ce a wasu kawunan ƙaramar kaɗawa ce ake ninkawa har ta kusa kamo ta sama. Sai a gwama biyun, bambancin da ya rage shi ke gangarowa ɗaki. In hoto ya ɓace, daga tele nake farawa, sai waya, sai kai, sai faranti.

Ƙanwar mahaifina tana zaune a unguwar Sarsuf. Mijinta ɗan Damagaram ne mai fataucin dabino, muna ce masa Baba. Shekarar da ya tafi Hajji, Gwaggo ta ce sai ta gan shi a tele ranar hawan Arfa. Na gaya mata mutanen wurin suna da yawa, kuma kayansu iri ɗaya ne. Ta ce ai ba yau ta aure shi ba.

Na kafa mata parabol, tana tsaye a tsakar gida tana sa ido.

"Kai ɗan nan, ka karkace shi. Makka ba can take ba."

"Gwaggo, ba Makka yake kallo ba, tauraro yake kallo."

"To, shi tauraron ya san hanya?"

Na ce ya sani. Da hoto ya fito na ɗaure kusoshi, na kafa doka: kada a taɓa, kada a yi shanya a kai.

Gwaggo ta gayyaci matan unguwa kallon Arfa. A gidanta kuwa baƙo ba ya ganin kwano mai duhu. Ta fito da tukwane da kwanoni da butar shayi, ta bi su da toka da yashi da soson ƙarfe. Da ta gama ta ɗaga kai, sai ga wani ƙaton faranti a rufinta, ruwan toka, ba ko ƙyalli, inda kowa ke gani daga titi.

Ranar Arfa da hantsi wata maƙwabciya ta zo shago ta ce hoto ya ɗauke, mata cike da ɗaki. Na je. Tele lafiya. Waya lafiya. Ina tsakiyar tsani na ji ƙaurin roba. Da na leƙa rufin sai da na kare idona da hannu. Ba sauran fenti ko ɗigo, mutum zai iya aske gemu a ciki.

A wasu kwanaki na shekara rana takan bi ta bayan tauraron, kuma kwanakin ke nan. Faranti bai san bambancin saƙo da rana ba, abin da ya faɗo masa yake tattarawa. Fentin nan marar kyau don haka ake shafa shi. Hular kan ta narke ta zubo kamar man shanu, cikin ya ƙone.

Na sauko.

"Gwaggo, na ce kada a taɓa."

"Wa ya taɓa? Wankewa na yi. Ko motsi bai yi ba, duba kusoshinka."

Na duba. Gaskiyarta.

Na koma gida na kwance kan da ke rufina na kawo. Kafin in ɗaura na ce a ba ni taɓo, don rana za ta dawo gobe, kuma ba ni da wani kan.

"Taɓo? A farantin da na ci hannuna a kansa? Ga baƙi?"

"Ko ƙyalli, ko Baba. Ki zaɓa."

Ta dubi farantin, ta dubi ɗaki, ta sake duban farantin. Wata tsohuwa daga ɗaki ta ce, "Ke, rana na tafiya, can Makka ma ta riga ta karkata!" Gwaggo ta ɗebo jar ƙasa. Ta ce in dai za a shafa, sai ta tankaɗe. Ta tankaɗe, ta dama, na shafa siriri, na jira ya bushe, sannan na ɗaura kai na haɗa waya.

Hoto ya dawo wajen azahar. Dutse ne da mutane, fari fat iyakar gani. Gwaggo ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Mata suna ta addu'a, ita ba ta ko ƙifta ido. Can ta dangwala yatsa a kan wani mutum mai lema wanda ya ba mu baya.

"Ga shi nan! Tafiyarsa ce. Ku dubi yadda yake jan ƙafa."

Matan suka ce lalle shi ne. Aka tambaye ni, na ce hoton ya fito da kyau.

Da Baba ya dawo ina cikin masu yi masa barka. Gwaggo ta ba shi labari, ban da zancen taɓo. Ya ajiye kofin shayi ya tambaye ta kalar lemar. Ta ce fara.

Ya ce, "Ni ne."