Gwajin da Ban Kai Kyanwar Mama Ba

Ni direba ne a wani gida a Shifa, kudancin Riyad. Haka dai aka rubuta a igamata, katin zama. Amma wanda ya yi aikin gida a ƙasar nan ya san direba shi ne mai cefane, shi ne mai canza tukunyar gas, shi ne mai wanke tsakar gida. Ni har da kiwon kyanwa aka haɗa min.

Kyanwar ta Mama ce, mahaifiyar kafil ɗina, maigidan da ya ɗauko ni aiki. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ba ta fita sai asibiti. Kyanwar kuwa irin ta Turai ce, ruwan toka, kunnuwanta a naɗe sun kwanta a kai kamar an bi su da dutsen guga. Ranar da na fara ganinta na ce, "Mama, me ta sata aka murɗe mata kunne haka?" Tsohuwa ta yi dariya har da tari. Daga nan muka saba. Larabcina na titi ne, ita kuma ba ta gaggawa.

Wata rana Mama ta ce tana so kyanwarta ta haihu, gidan ya yi mata shiru. Maigida ya ce to, amma sai an kai ta fahas tukuna, wato gwaji wurin likitan dabbobi, shi zai faɗi irin muzurun da ya dace. Ya miƙo min katin asibitin ya tafi aiki.

Na yi dariya a cikina. Gwaji? Kyanwa? Boko aji huɗu na gudu, amma a harkar barbara ba mai koya min. A Maraɗi na tashi, cikin jajayen awaki. Babana in ya hango bunsuru mai rodi-rodi ya doshi akuyarsa, da takalmi yake jifansa. Ja da ja ake haɗawa, haka ake tsare iri. To in ana son naɗaɗɗen kunne, ai sai a haɗa naɗaɗɗe da naɗaɗɗe.

Kuma na san inda ango yake. Wani abokina ɗan Damagaram yana gadin wani bene a unguwar Ulaisha, mai benen ya yi tafiya ya bar masa muzuru irin tamu sak, kunnensa ma ya fi kwanciya. Na sa kyanwa a kwando na tafi.

"Kai ɗan Damagaram, buɗe ƙofa, neman aure na zo."

"Wa zai ba ka mata da wannan ƙeyar?"

"Ba ni ba, 'yar gidanmu."

Ya leƙa kwandon ya ce, "Yanzu a Maraɗi mace ke zuwa neman aure?"

"A Riyad muke, malam. Matsa."

Kwana uku ta yi a can. Na ce wa Mama likita ne ya riƙe ta, ya haɗa ta da muzurun da ya zaɓa. Maigida ya tambaye ni, na ce, "Fahas tamam," wato gwaji lafiya lau. Ban ma ji a raina ƙarya na yi ba. Gani nake na taƙaita wa kowa wahala.

Bayan wata biyu ta haifi huɗu. Da suka yi sati uku kunnuwan uku suka fara kwanciya, ɗaya nasa ya tsaya cak. Akwai wata 'yar mace da nata suka fi na kowa lafewa, kai ka ce ba ta da kunne. Ita Mama ta fi so. A kan dardumar sallarta take barci, sai an ɗaga ta kafin a tayar da kabbara. Ni kuma ina ta hura hanci a gidan, ina cewa aikina ne.

Da suka kai wata huɗu, sauran suna hawa labule suna kayar da kofuna. Ita tana ƙasa tana kallonsu. Wutsiyarta gajera ce, mai kauri, ba ta lanƙwasuwa. In za ta yi tafiya sai ta riƙa ɗaga ƙafa kamar mai taka kwalta da azahar. Na ce, "Mama, tafiyarki take kwaikwayo." Ta yi dariya. Da na sake faɗa bayan sati biyu ba ta yi ba. Wata safiya na shafa bayanta, hannuna ya kai wutsiyar, ta yi wata ƙara da ban taɓa jin kyanwa ta yi ba.

Da katin nan dai na kai ta asibitin. Ina zaune ina lallashinta da Hausa, sai na ji an ce, "Samari, daga ina?" Ashe likitan mutumin Zariya ne. Ya ɗauki hoton ƙasusuwanta, ya daɗe yana dubawa.

"Uban fa? Kunnensa a tsaye yake ko a naɗe?"

"A naɗe, Likita. Ni na zaɓo shi da kaina."

Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce, "Ƙanena, wannan kunnen da kuke gani ado, ciwo ne. Guringuntsinsu ne ba ƙwari, shi ya sa kunnen ya faɗi. Abin da ya taɓa kunne, shi ke taɓa gaɓoɓi. Uwar ma tana da shi, sai ta manyanta zai fara damunta. Wannan kuwa ta ɗauko daga uwa, ta ɗauko daga uba." Ya nuna min ƙafafun baya a hoton, ƙashi ya yi tsiro ya cunkushe inda ya kamata ya motsa. "Ka san sikila?"

Na sani. Ina da ƙanwa da in damina ta yi sanyi take riƙe ƙafarta tana kuka har muryarta ta dushe. Shekara tara ta yi a duniya. Babanmu da innarmu 'yan wa da ƙani ne, ba wanda ya taɓa gwada jininsu.

Na ce, "To a ba ta magani."

"Sai dai maganin rage zafi kawai. Ba ya warkewa. Da ka kawo uwar tun farko, ko zama ba sai ka yi ba, zan ce maka kar ka haɗa su."

Na daɗe a mota a ƙofar gida, inji a kashe, zufa na zuba. Sannan na shiga na durƙusa gaban Mama na faɗa mata komai, har da Ulaisha. Ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ce, "Ɗana zai ji daga bakinka, ba daga nawa ba. Miƙo min ita."

Maigida ya yi faɗa sosai. Bai kore ni ba. Aka yi wa uwar da 'ya'yan duka aikin hana haihuwa. Na yanke gefen kwanon yashin da 'yar marar lafiyar ke bahaya a ciki don ta shiga ba sai ta ɗaga ƙafa ba. Kullum da safe ni nake ɗura mata magani, ni nake ɗaukarta in ɗora ta a taga ta ga tsuntsaye.

Shekara ɗaya da 'yan watanni muka yi a haka. Daga baya ta daina tashi, ta daina ci, ko kifi aka kai mata sai ta kawar da kai. Likita ya ce abin da ya rage shi ne a hutar da ita da allura. Sati guda Mama tana istihara. Ranar da ta amince, ta naɗe ta a mayafinta ta ba ni, ta juya fuska bango.

A asibiti likita ya ce in ba zan iya ba in jira a waje. Na ce a nan zan tsaya. Na sa hannu a ƙarƙashin haɓarta, wurin nan kaɗai ne in an taɓa ba ya mata zafi, na ce masa bismillah.